Gurbin Bahago

Malam Ya'u na Limancin Kona bai iya waƙa ba. Gara a faɗi wannan tun da wuri, don kada wani ya ji an ce shi ne ya tsara waƙoƙin begen da rabin birnin Zariya ke rerawa a watan Mauludi, ya zaci wani mai zaƙin murya ne. Muryarsa kamar ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba take. Matarsa Batulu, Allah ya jiƙanta, takan ce in yana gwada sabon baiti a tsakar gida har kaji sai sun canza wurin kiwo. Shi abin da Allah ya ba shi kunne ne. In ya ji muryar mutum sau ɗaya, ya san inda za ta zauna a cikin muryoyi goma, wa za ta bi, wa za ta tara, a ina kuma ya kamata ta yi shiru.

Sana'arsa ɗinkin babbar riga, gadon ubansa. Zaurensa dogo ne, da dakali guda a jikin bango, kuma a lokacin da harka ke harka maɗinka cika dakalin suke yi, kafaɗa da kafaɗa, kowa da riga a cinya. Su ne ma'aikatansa, su ne kuma 'yan amshinsa. Bai taɓa tsayar da aiki ya ce yau koyon waƙa za a yi ba. Ana ɗinki ake waƙa. In an ja zare a ja murya, in an sunkuya za a soka allura a sheƙi numfashi. Sabo, wani dogon matashi mai murya tar, shi ke jan baiti, sauran su amsa. Da yake gab da Mauludi ne aka fi matsa musu da rigunan salla, a lokacin ne waƙa ta fi tashi, mutane su taru a ƙofar zaure har su tare hanyar masu jakuna.

Sai kuma Bahago. Sunansa na yanka Ɗahiru, amma ban da uwar da ta haife shi ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa da wannan suna. Da hagu yake ɗinki. Tun suna yara masu koyo aka zaunar da shi a hannun daman Ya'u, nan kusa da ƙofa inda haske ya fi, ga shi ɗaya na ja da dama, ɗaya na ja da hagu, duk a rata guda. Gwiwoyin hannunsu sun sha karo, an sha zage-zage, sau da yawa har da dambe a bayan masallaci. A ƙarshe hannuwan ne suka sasanta tun kafin masu su: in Ya'u ya ja, Bahago ya soka, in Bahago ya ja, Ya'u ya matse gwiwarsa ya ba shi hanya. Haka suka girma, haka suka yi furfura.

Daga wannan ne Ya'u ya samo abin da ya bambanta waƙarsa da ta kowa. Ya lura duk inda jama'a suka tsaya numfashi, Bahago a daidai nan yake da iska cike da ƙirji, tunda lokacin ne nasa hannun ke jan zare. Ga muryarsa mai kauri, kamar daga cikin rijiya take fitowa. Sai Ya'u ya riƙa yanka masa nasa 'yan kalmomin daban, ya cusa su a wannan gurbin. Tun daga nan waƙar zauren ba ta yankewa daga farko har ƙarshe. Masu bege na wasu unguwanni sun zo sun saurara, sun koma sun kwaikwaya, abin ya ƙi.

Bahago dai ba ya ganin wani abin mamaki a ciki. Mutum ne mai gajen haƙuri, in aka ce ya jira ya fi son a zage shi. Kullum ƙorafinsa Ya'u ya cika jan rai: ya ja rai a ɗinki, ya ja rai a alwala, baiti guda ya kwana bakwai yana juya shi kamar mai gasa masara.

Keken ɗinki ne ya kwashe zauren, a shekarun nan da aka fara ginin kwaleji a unguwar Kongo. Ba rana ɗaya aka watse ba, kuma ba wanda ya yi faɗa da kowa, abin da ya fi ciwo ke nan. Sabo ne ya fara. Ya zo ya durƙusa, ya ce iyali sun yi yawa, ya sami keke zai kafa rumfa a kasuwa. Ya'u ya sa masa albarka, don me zai ce? Wasu suka bi shi kasuwa, wasu Tudun Wada, Idi mai siririyar murya ya ajiye allura ɗungurungum ya tafi leburanci wurin ginin Kongo. Kowa in zai tafi sai ya ce ai ana tare, kullum zai riƙa leƙowa. Suka leƙo na wata ɗaya. Dakalin nan ya koma mutum biyu, kuma saboda sabo suna nan manne da juna a bakin ƙofa, ga fili har bango ba mai zama.

Kaɗaici ya kama Malam Ya'u sosai. Batulu ta riga ta rasu, 'ya'yansa mata suna gidajensu. Amma ba shirun cikin gida ne ya fi damunsa ba, shirun zaure ne. Kuma kai bai san an watse ba, ya ci gaba da kawo waƙa. A cikin waɗannan shekaru ne ma wadda ta fi kowacce ta zo masa, doguwa, a kan ayarin masoya da ya kama hanyar Madina. Kashi uku ya yi mata: Sabo na jan baiti, jama'a na amsa cewa ayarin masoya ya tashi, Bahago kuma a gurbinsa yana roƙon a jira shi, yana tafe. A baitin ƙarshe, inda ayari ke hango gari, ya shirya muryoyin uku su haɗu wuri guda, abin da bai taɓa gwadawa ba.

Da ya koya wa Bahago nasa kason, Bahago ya ajiye allura ya dube shi.

“Duk birnin nan ka rasa wanda za ka sa ya ce a jira shi sai ni? Ni na taɓa jiran wani, balle in ce a jira ni?”

“Shi ya sa,” in ji Ya'u. “Ka ɗanɗana.”

Bahago ya yi tsaki, amma ya haddace kafin la'asar.

Matsalar mai tsara waƙar jama'a ita ce ba ya iya jin aikinsa shi kaɗai. Baki ɗaya gare shi. Yakan rera kason Sabo, ya dawo ya rera amshi, ya sa Bahago ya shigo, amma wannan kamar a nuna wa mutum hannun riga yau ne, gobe a nuna masa aljihu, a ce ya faɗi ko ta yi kyau. Malam Ya'u ya kai inda ba ya son komai a duniya kamar ya ji waƙar nan cikakkiya, da muryoyinta duka, ko da sau ɗaya ne kafin ya mutu.

Tunda ba su zuwa, shi ya riƙa bin su. Ya ɗauki sandarsa ya tafi kasuwa, ya tsuguna a gefen keken Sabo yana zuba masa baituka a kunne, keke na ƙara, Sabo na taka shi da ƙafa yana gyaɗa kai. Ya fita ta Ƙofar Doka ya bi rumfunan Tudun Wada ɗaya bayan ɗaya. Ya je har Kongo ya jira a tashi hutun azahar, ya zauna da Idi a kan tulin bulo. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Kowa ya karɓi kasonsa, ya riƙe da kyau, ya saya masa goro, ya raka shi 'yan taku. Sai dai duk inda ya tashi yana jin yadda ake sakin ajiyar zuciya a bayansa, yana kuma jin keke ya ci gaba da gudu tun bai yi nisa ba.

Dama ta samu a Mauludin shekara ta uku da watsewar zauren. Alhaji Nasidi, wani falke da ya yi arziki, ya shirya taron bege a ƙofar gidansa bayan la'asar, ya aiko musamman yana son waƙar mutanen Malam Ya'u. Gayyatar attajiri ta yi abin da sandar Ya'u ta kasa, ba wanda ya ce yana da uzuri. Suka zo cikin fararen kaya, aka jera su a tsaye gaban jama'a, hannuwa a sake. Ya'u ya koma gefe jikin wani rimi.

Sabo ya ja baitin farko lafiya lau. Daga amshi abu ya fara lalacewa. Wani ya riga, wani ya makara. Shi kansa Sabo ƙafarsa ta dama na taka ƙasa da saurin keke, yana jan waƙar a guje. Bahago ya nemi gurbinsa ya rasa, don kowa inda ya ga dama yake numfashi. Ya shigo a kan muryar Idi, ya ja baya, ya sake shigowa a kan ta Sabo, kamar makaho a ƙofar kasuwa. Kafin baiti na huɗu yara sun fara dariya. Sabo, da yake mai wayo ne, ya karkata zuwa wata tsohuwar waƙa da kowa ya sani, jama'a suka kama, aka rufa asiri. Alhaji Nasidi ma bai gane an yi ɓari ba, har yabawa ya yi.

Ya'u bai ji tsohuwar waƙar ba sam. Idonsa na kan hannun hagun Bahago, wanda ke ta motsi a iska shi kaɗai, yana soka abin da babu, yana ja. A nan ya gane kuskurensa. Shekara da shekaru ya ɗauka waƙar a ƙirjinsu take, ashe a hannunsu take. Mutanen nan ba su taɓa rera ko baiti guda babu allura a hannu ba, kuma shi da ya tsara abin bai taɓa lura ba.

Bayan an tashi ya tara su ya gaya musu, cikin murna da kunya a haɗe. Ya ce abu mai sauƙi ne, su zo zaure ranar wata Juma'a da hantsi, kowa ya riƙe allura ko a kan tsumma ne, a rera sau ɗaya, shi ke nan ba zai ƙara damun kowa ba. Duka suka ce in sha Allahu. Juma'ar farko ya share dakali, ya zare allurai ya jera, ya aika aka sayo fura. Shi da Bahago suka shanye ta. Juma'a ta biyu mutum ɗaya ya zo, ya ga ba kowa, ya tuna yana da sauri. Ta uku Bahago ya hana shi sayen furar.

“Ya'u, ka bar mutanen nan su nemi abincinsu,” ya ce. “Ni ban ishe ka ba?”

Ya'u ya ce ya isa mana. Ƙarya ya yi, kuma Bahago ya san ƙarya ce, amma suka bar ta a haka. Suka ci gaba da zama su biyu, Ya'u na gunjin amshi da muryarsa ta ƙyaure, Bahago na cike gurbi, masu wucewa na cewa tsofaffin nan sun fara taɓuwa.

Da damina ta kankama tari ya kama Bahago. Ya ƙi kwanciya, ya ce kwanciya ma jira ce. Sai numfashin nan da ya cika gurbi shekara arba'in ya fara gajarta, yana kai wa “a jira ni” ya tsaya, sauran ya ƙi fita. Daga baya ya daina zuwa, Ya'u ya koma kai masa ɗinki gida don dai hannu ya sami abin yi.

Wata safiya, an kwana ana ruwa, wani maƙwabci ya yi sallama a zaure ya ce Malam Ɗahiru ya cika. Ya'u ya yi salati, ya tambaya wane Ɗahirun. Sai da mutumin ya kalli gurbin da ke daman Ya'u sannan ya gane.

A lokacin keke ya ƙwace riga, ya ƙwace wando, amma bai kai ga likkafani ba. Wannan da hannu ake yi, a zauren gidan mamaci, yayin da ake wanka a ciki. Kuma wa zai ɗinka wa maɗinki in ba maɗinka ba? Kafin Ya'u ya isa sun riga shi. Sabo ya rufe rumfa, na Tudun Wada sun zo, Idi ya zo da siminti a ƙafa. Aka yanka farin alawayyo, aka baje a tsakiya, aka zauna a kewaye gwiwa da gwiwa. Aka miƙa wa Ya'u allura da gefe mafi tsawo. Ba wanda ya zauna a damansa.

Da farko ba ka jin komai sai shigar allura da fitar zare. Hannuwan da suka shekara suna bin keke suka yi ta tuntuɓe, can kuma suka tuna, suka daidaita, ana sokawa tare ana ja tare. Ba wanda ya shirya abin da ya biyo baya. Sabo ne, kansa a sunkuye, ya ja zare sai baitin farko ya biyo hannun, ƙasa-ƙasa, kamar mai salati. Sauran suka amsa cewa ayarin masoya ya tashi, murya ɗaya, ba wanda ya riga wani. Wani dattijo a bakin ƙofa ya ɗaga kai zai yi magana, ya ji begen Annabi ne, ya mayar da kansa.

Ya'u ya kasa kunne ga waƙar. Ita ce, yadda ya ji ta a kansa. Sai aka sunkuya za a soka allura, kowa ya ɗauki numfashi, zauren ya yi tsit. Aka ja, aka amsa, aka sake sunkuyawa, ya sake yin tsit. Duk baiti da raminsa, daidai girman mutum guda. Idi ya fara share ido da kafaɗa, don hannu ba sarari.

Ya'u ya tsayar da hannunsa, ya bar su suka ja ba shi. Da suka sunkuya sai ya ja nasa zaren, a lokacin Bahago, ya buɗe bakin da bai taɓa buɗewa gaban jama'a ba.

“A jira ni, ina tafe.”

Muryar ba ta yi daɗi ba, ba za a yi mata ƙarya ba. Amma ta zauna a gurbin daram, kuma waƙa ta daina yankewa. Baiti ya bi baiti, ayari ya wuce rijiyoyi, ya ƙetare yashi. Ya'u na rerawa yana saurare, yana lissafin abin da ya rage kafin inda muryoyi za su haɗu.

Sai dai likkafani ba babbar riga ba ne, ba shi da adon aska ba shi da na tambari. Ɗaya bayan ɗaya suka kai ƙarshen gefensu, suka yanke zare. Saura baiti biyu a kai ƙarshe, ya zamana allurar Ya'u kaɗai ke aiki. Ba su yi shiru ba, idonsu na kan hannunsa, da shi suke auna numfashi. Abin da ya rage masa bai fi taƙi guda ba. A daidai nan ƙanen mamacin ya leƙo daga cikin gida ya ce an gama wanka, malamai na tsaye, ga hadari kuma yana sake haɗowa ta wajen dutsen Kufena.

Ya'u ya dubi taƙin nan. Shi da ya yi shekaru yana cusa ɗinki ɗari a wurin da bai fi tafin hannu ba, ya san zai iya ƙanƙanta shi ya ja shi har ƙarshen waƙa, har ma a maimaita. Ba wanda zai ce masa komai. Sabo ma ya ɗan gyaɗa masa kai, alamar ya ci gaba, za su bi shi. Ya kuma san in aka tashi daga wannan zama ba za a sake yin irinsa ba sai ranar tasa, ranar da ba zai ji ba.

A can ciki kuma Bahago na kwance a kan tabarma, an gama masa komai, shi ke jira a kawo masa riga.

Ya'u ya buɗa hannu ya yi manyan ɗinki irin na likkafani, ya kai bakin ƙyalle, ya sunkuya ya yanke zaren da haƙori. Waƙar ta tsaya a tsakiyar kalma.

“Ku kai masa,” ya ce. “Ba ya son jira.”

An rufe shi kafin ruwa ya sauko. A hanyar dawowa daga maƙabarta Sabo ya matso ya riƙe masa sanda a wurin wani santsi, ya ce Malam, wannan Juma'ar lalle za su zo a ƙarasa. Ya'u ya ce Allah ya kai mu, bai tambayi ƙarfe nawa ba.

Da la'asar ya koma zaurensa. Akwai wata riga da mai ita ke ta aike a kanta, ya ɗauko ya zauna a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga indararo. Ga dakali nan fili har bango. Ya soka allura, ya ja zare, sannan ya matse gwiwar hannunsa a jikin haƙarƙari, ya ba da hanya.